Abin da aka binne a kankare: nazarin ginin gida guda, daga harsashi zuwa ƙwan fitila

Ranar da na fara taka filin an riga an gama haƙa. Ramukan harsashi a buɗe, igiyoyi a ɗaure jikin turaku, yashi da tsakuwa jibge a bakin hanya, gobe za a zuba kankare. Maigidan ya kira ni ne, a matsayina na injiniya, in "ɗan duba masa", wato in zagaya in ce madalla in kama gabana. Ban bar aikin ba sai ranar da aka ɗaura fitilar ƙarshe. Abin da ke tafe bayanin wannan gida guda ne, da inda aka dace, da inda aka yi kuskure, har da nawa.

Filin na miji da mata ne masu 'ya'ya huɗu, kuma wannan ne gininsu na farko. Zanen da ke hannunsu na gida ne marar bene: ɗakin kwana huɗu, falo biyu, kicin da sito, rufin kwano. Babban maginin dattijo ne da ya daɗe yana riƙe da cokalin gini, kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Layin bulonsa ba ya karkacewa. Sai dai shi abin da aka zana yake ginawa, ba ya tambayar abin da ke zuciyar mai gida.

Maganar da ta tsayar da aiki

Muna zagaya ramukan sai maigidan ya nuna ɓangaren baya ya ce, cikin hira kawai, "Nan gaba in Allah ya hore sai mu ɗora bene a nan, yara suna girma." Na tambaye shi ko wanda ya yi zanen ya taɓa jin wannan magana. Ya ce ai ba yanzu ba ne, sai bayan shekaru. Na ce, "Yallaɓai, benen na bayan shekaru ne, amma ƙafafunsa gobe za a zuba su."

Daidai wannan ɓangare kuma ƙasar da aka fitar ta sha bamban da sauran. Ta fi duhu, ga guntayen leda, fasassun kwalabe da gawayi a ciki. Ƙasar asali ba ta zuwa da leda. Wani maƙwabci ya tabbatar mana tsohon rami ne da aka ɗebi ƙasa a cikinsa, shara ta cike shi a hankali. Sauran filin kuwa yumɓu ne. Na jiƙa kaɗan na murza a tafin hannu, ya miƙe siriri kamar zare bai tsinke ba. Wannan murzawa ba camfi ba ce, a ɗakin gwaji ma haka ake murza ƙasa har kaurinta ya kai milimita 3, hanyar da ta samo asali daga aikin masanin nan na Suwidin, Albert Atterberg, a 1911. Irin wannan yumɓu yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke ya dare idan ya bushe, duk abin da aka ɗora a samansa kuma yana hawa da sauka tare da shi.

Kowane gini yana ɗan zama bayan an gama shi, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da ke tsaga bango shi ne wani gefe ya zauna ya bar wani. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara a 1173 a kan harsashi mai zurfin kusan mita 3 cikin ƙasa mai laushi, tun ba a gama ta ba ta fara karkata saboda gefe ɗaya ya fi nutsewa. A nan ga shi za a ɗora kusurwar da za ta fi ɗaukar nauyi a kan wurin da ya fi ko'ina rauni.

Hanya uku na shimfiɗa wa maigidan. Ko a matsar da ginin gaba, abin da zai cinye wurin ajiye mota. Ko a zuba faifan kankare guda ƙarƙashin gidan duka, ya hau ƙasa kamar kwalekwale a ruwa, wanda zai ci rodi da siminti masu yawa. Ko kuma a sauya zuwa ginshiƙai, kowanne da faffaɗar ƙafarsa da za a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaure su duka da bim a ƙasa. Aka kawo masu gwajin ƙasa, injiniyan lissafi ya sake aiki da nauyin bene a ciki, aka tsaya a kan ta uku. A kusurwar sharar sai da aka wuce mita 2 kafin diga ta fara tsalle. Mako uku aka rasa, kuma a makonnin nan gaisuwa ma da ƙyar maigidan yake amsa min.

Kafin a zuba na sa aka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarori biyu. A gini mai kusurwa huɗu daidai, awon biyu dole su zo ɗaya. Suka bambanta da santimita 9. Baba bai yi musu ba, ya auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, ya matsa turke har tsakaninsu ya ba da mita 5. Aikin rabin sa'a. Da an bari, mai tayil ne zai gano, lokacin da layinsa ya fara gudu daga jikin bango.

Rigimar ruwa

Babu ranar zuba kankare da ban yi faɗa a kan ruwa ba. Leburori suna son haɗi mai ruwa-ruwa, don ya fi sauƙin juyawa da shebur, yana kuma kwarara tsakanin rodi da kansa. Ban ga laifinsu ba, su ke ɗauka a ka tun safe. Amma tun 1918 Duff Abrams a Amurka ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yawan ruwan da aka zuba wa siminti. Ruwan da ya wuce buƙata ƙafewa yake yi, ya bar ƙananan ramuka a gurbinsa. Maganin da ya yi mana aiki ba wa'azi ba ne. Bokiti ɗaya muka ja wa layi da jan fenti, kowane buhu mai kilo 50 ruwansa iya layin nan, sannan aka yi hayar injin girgiza kankare domin haɗi mai kauri ya shige ko'ina. Ma'auni kuwa ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da akwatin katako guda da aka buga don haka, saboda "baro ɗaya" na safe da na yamma ba su taɓa zama ɗaya ba.

Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake sa masa rodi. Rodin kuma sai kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina. A harsashi mun ɗaga shi santimita 5 da 'yan dunƙulen simintin nan da ma'aikata ke kira biskit, a dekin kuma santimita 2.5. Idan rodi ya taɓa ƙasa ko ya leƙo waje, tsatsa ta kama shi, sai ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki.

Abin da ya fi wuyar shiga kan maigidan shi ne ban ruwa. A ganinsa kankare bushewa yake yi, to me ya kawo jiƙa abin da ake so ya bushe? Na yi ta maimaita masa cewa siminti haɗuwa yake yi da ruwa yana ƙanƙarewa, idan ruwa ya ƙare aikin ya tsaya a inda yake. A kwana 7 kankare yana kai wa wajen kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Muka naɗe ginshiƙai da jiƙaƙƙun buhuna, aka ware yaro guda ba shi da aiki sai tiyo, safe da yamma.

Daɓe bai ba mu wahala ba. Aka cike da jar ƙasa hawa-hawa ana dannewa, aka fesa maganin gara, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka tabbatar shingen danshi a bango ya ɗara ƙasar waje da santimita 15 ko fiye. Bango ya tashi, aka zuba linta, babu abin ba da labari.

Sai katanga. Ita maigidan ya ba wasu daban don ya rage kashe kuɗi, suka yi mata harsashi mai zurfin gwiwa, ta ratsa ta kan tsohon ramin nan. Damina ɗaya ta wuce, tsaga ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, a sama har hannu yana shiga. Tsakaninta da kusurwar gidan taku huɗu ne, gidan kuwa ko gezau. Ranar da ya nuna min bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ranar dekin, da kuskuren da na yi

Tunda akwai bene a gaba, aka fasa rufin kwano a yawancin gidan, aka koma dekin mai kaurin santimita 15. Mita ɗaya ta kowane gefe na kankare tana da nauyin kusan kilo 2,400, ke nan kowace murabba'in mita ta dekin nan kilo 360 ce tun ba a ɗora mata komai ba. Da na faɗa wa maigidan haka ya daina matsa wa kafinta ya cire sandunan tokara da wuri, suka yi mako uku cur. Tankin ruwa mai lita 2,000 da ake son ɗorawa sama kuma tan 2 ne idan ya cika, don haka muka sanya shi saitin ginshiƙi, ba tsakiyar ɗaki ba. Rodin da aka bari a tsaye don benen gaba muka lulluɓe shi da kankare marar ƙarfi wanda za a iya fasawa cikin sauƙi, kada ya yi shekaru yana shan ruwan sama.

Duk hankalina a ranar yana kan rodi: tazararsa, ɗaurinsa, kada masu baro su tattake na sama ya kwanta. Mai wayarin ya zo da bututansa da yamma, ya tambaye ni, "Injiniya, kamar kullum?" Na ce kamar kullum. Ya sa kofi ɗaya, wato gurbin da wayar fitila ke fitowa, a tsakiyar kowane ɗaki, biyu a babban falo, ya ja bututu zuwa gefen kowace ƙofa. Washegari aka zuba kankare a kai.

A lokacin babu wanda ya san inda gado zai zauna, ko ta ina teburin cin abinci zai fuskanta, ko a wane bango za a yi wa kicin kanta. Wadda ta sani ita ce uwargida, kuma ba wanda ya kira ta. Ni da na tsayar da aiki mako uku saboda benen da ba a gina ba, na kasa tsayar da shi yini ɗaya don in ji daga bakin wadda za ta yini a ɗakunan.

A aikin famfo na farga, na gyara hali. Bututun ƙazanta mai inci 4 aka ba shi gangare ɗaya cikin 40, kowane magudani da lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare wari, da bututun shan iska da ya fita sama da rufi. Bututan ruwan sha aka cika su aka toshe, suka kwana muna duba ɗigo kafin a rufe. Kuma kafin filasta na bi kowane bango da waya ina ɗaukar hoto, tef a miƙe a jikinsa, domin duk mai son buga ƙusa nan gaba ya san abin da ke bayan fenti.

Da aka zo fitilu

Uwargida ta fara zuwa sosai bayan an yi filasta. Ta shiga kicin, ta tsaya inda za ta riƙa yanka, ta ɗaga kai ta kalli kofin da ke tsakiyar silin a bayanta. Ta ce, "Injiniya, wato inuwata zan riƙa yanka?" Gaskiyarta. Fitila a bayan mutum, kanta a gabansa, hannunsa da wuƙa suna cikin duhun jikinsa.

Muka bi ɗakunan da alli, abin da ya kamata a yi wata biyar baya. A ɗakunan kwana kofi ɗaya ne, ga fanka ga fitila suna takara a kansa. Mai wayarin ya ce a sa fitilar gefe kaɗan a sama da fanka. Na hana, don idan fukafukan fanka suna gilmawa ƙarƙashin haske ɗakin yana ta ƙiftawa, mai karatu kansa ya yi ciwo bai san dalili ba. A banɗaki fitila ta faɗo bayan mai duba madubi. A ƙaramin falo kuma teburin cin abinci ya koma kusa da taga, kofin yana can mita ɗaya da rabi nesa da shi. Baba ya ɗaga guduma da kurfi ya ce, "Sai mu ɗan sassare, ranki ya daɗe." Na ce bango a sassara a tsaye, a hankali, amma dekin da bim da ginshiƙi ba mai taɓa su.

Gyaran kowane wuri ya zo da abin da ya ci. A falo biyun aka yi silin na filasta ƙasa da dekin, wayoyi suka bi ta cikinsa zuwa duk inda ake so, tsawon ɗaki ya ragu da santimita 12. Babbar fitilar ado da uwargida ta zaɓa tana da nauyi, don haka ƙugiyarta a jikin kankare aka dasa ta, silin ɗin ado ba ya ɗaukar kaya. A kicin aka ja dogon zirin LED ƙarƙashin kabad na sama, haske ya sauka kai tsaye a kan kanta, kuma ban da kunyar da na ji, wannan ya fi duk abin da fitilar silin za ta iya. A ɗakunan kwana fanka ta riƙe tsakiya, fitilu suka koma bango, biyu-biyu, da makunni a bakin ƙofa da wani a gefen gado masu kunna fitila ɗaya.

Abin da ke cikin bututu ban yarda a yi ciniki a kansa ba. A wuta mai bolt 230, layin fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, tukunyar zafafa ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kowacce da layinta mai kauri da abin katse wutarta. Aka kafa sandar tagulla a ƙasa don wayar kariya, aka sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji miliamfa 30 ta ɓace ta wata hanya, wadda sau da yawa jikin mutum ce. Maigidan ya so a rage nan a ƙara a fitilar ado. Wannan karon bai daɗe yana ja ba, katangarsa tana nan a tsage.

Zaɓen ƙwayayen kansu ya ɗauki mako guda, kuma na ji daɗinsa. Maigidan yana tambayar wat, kamar yadda aka saba. Wat wutar da ƙwai ke ci ne, hasken da yake bayarwa lumen ake ce masa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, LED kuwa da wat 9 yake ba da haka. Kicin ɗinsu murabba'in mita 12 ne, wurin aiki kuma ana so ya samu kamar lumen 300 a kowace murabba'in mita, ke nan 3,600 tun ba a cire wanda bango da kabad za su shanye ba. Ƙwai ɗaya a tsakiya ko kwatansa bai cika ba.

Sai launi, wanda ake aunawa da kelbin: ƙaramar lamba haske mai ruwan rawaya, babba kuwa fari tas. Na sayo ƙwai uku, mai kelbin 2700, mai 4000 da mai 6500, muka jira magariba muka riƙa ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a falo. Maigidan ya so farin nan tas na 6500, ya ce shi ne haske. Uwargida ta kalli fentin da ta sha wahalar zaɓa, mai ruwan ƙasa-ƙasa, ta ga ya koma toka, ta ce ita ba asibiti ta gina ba. Aka raba: 2700 zuwa 3000 a falo da ɗakin kwana, 4000 a kicin, banɗaki da teburin karatun yara. Ka'ida ɗaya na kafa musu, kada a gauraya launi biyu a silin ɗaya.

Akwai kuma lambar da mutane ba sa dubawa a kwali, wadda ake rubutawa CRI, ma'aunin yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka shafa wa sinadari mai juya wani ɓangarensa zuwa rawaya, kuma shuɗin nan ne ya ba Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Masu araha ja ya yi ƙaranci a haskensu, shi ya sa fuska ke yin fari-fat a ƙarƙashinsu kamar marar lafiya. Muka nemi 80 zuwa sama ko'ina, 90 a gefen madubi. Na banɗaki masu alamar IP44 don fantsamar ruwa, na waje IP65 don ƙura da ruwan sama.

A wuri ɗaya na ba da shawara aka ƙi. Na so a ɗauki fitilun da ake sauya musu ƙwai, domin LED ba kasafai ƙwayar haskensa ke fara mutuwa ba, ƙaramar na'urar da ke daidaita masa wuta ce zafi ke kashewa, kuma idan a haɗe suke sai a jefar da fitilar gaba ɗaya. Uwargida ta ga siraran nan masu lafewa a silin sun fi kyau, kuma sun fi. Abin da na samu kawai shi ne aka sayi rarar guda shida iri ɗaya aka ajiye a sito, don ranar da ɗaya ta mutu ba lallai a samu mai launinta ba.

Ɗakin yara mata ne kaɗai ba a gyara ba. A zane ƙofarsa tana buɗewa hagu, mai wayarin ya sa makunni a dama. Da kafinta ya zo, uwargida ta sa aka juya ta don ta ba kabad ɗin kaya wuri, sai ƙofar ta rufe makunnin. Inda ya kamata ya koma ginshiƙi ne, ɗaya daga cikin waɗanda za su ɗauki benen. Na ce a ja waya ta saman bango cikin farin kwaroro, uwargida ta ce ba za ta ga wannan a sabon fenti ba. Har zuwana na ƙarshe, duk mai shiga ɗakin da dare sai ya tura ƙofar, ya zagaya bayanta yana lalube, ƙaramar cikinsu kuwa da ɗan tocilan take shiga.